Yadda Sola ke Samar da Wutar Lantarki a Gida: Sassanta, Lissafinta da Kula da Ita a Ƙasar Zafi da Ƙura

Tsakure

Wutar sola ta gida tsari ne mai manyan sassa huɗu da ke aiki tare: faranti, na'urar daidaita caji, baturi da inbata. Faranti na mayar da hasken rana lantarki, na'urar daidaita caji na tsara shigarsa baturi, baturi na adana shi, inbata kuma na sauya shi zuwa irin wutar da kayan gida ke amfani da ita. Wannan maƙala ta bayyana aikin kowane sashe, ta kawo misalin lissafin gida guda, sannan ta duba yadda zafi da ƙura ke shafar tsarin a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar. Ta nuna cewa ingancin solar gida ya dogara ne da daidaito tsakanin abin da ake tarawa da rana da abin da ake sha dare da rana, kuma rashin wannan daidaito ne ke kashe batura tun lokacinsu bai yi ba.

1.0 Gabatarwa

Idan rana ta take kuma sararin sama ya washe, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya na ƙasa yana kai kimanin wat 1,000. A yankin Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, abin da ke sauka a wannan ɗan fili a yini guda yakan kai kilowat-awa 5 da rabi zuwa 6 da rabi, wato kusan ninki biyu na abin da Jamus ke samu, alhali Jamus na cikin ƙasashen da suka fi cin moriyar sola a duniya.

Buƙatar wannan makamashi ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa kunna janareta ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A watan Agustan shekarar, katse layin wutar da Nijeriya ke bai wa Nijar bayan juyin mulki ya jefa biranen ƙasar cikin ƙarancin wuta, sannan a Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Magidanta sun koma ga sola, amma da yawa daga cikinsu na saye ba tare da sanin yadda take aiki ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1839 wani matashi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki idan ya faɗa kan wasu sinadarai. A 1883 Charles Fritts na Amurka ya ƙera ƙwayar sola da sinadarin seleniyam, sai dai abin da take iya mayarwa lantarki bai wuce kashi 1 cikin 100 na hasken ba. Albert Einstein ya bayyana a 1905 cewa haske na tafiya ne a ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da nasa ƙarfi, bayanin da ya zama ginshiƙin fahimtar lamarin. A 1954 masu bincike uku na Bell Labs, wato Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka fito da ƙwayar silikon mai ingancin kusan kashi 6 cikin 100. Tauraron ɗan'adam mai suna Vanguard 1 da aka harba a 1958 ya yi aiki da irinta.

Yankin Sahel bai zama ɗan kallo ba a wannan fage. Masanin kimiyyar nan na Nijar, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar hukumar binciken makamashin rana ta ONERSOL. A Nijeriya akwai Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Abin da ya daɗe yana hana sola shiga gidan talaka shi ne tsada. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, musamman saboda bunƙasar masana'antun ƙasar Sin, wadda a yau ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya.

3.0 Ma'aunai Huɗu na Lantarki

Fahimtar tsarin na buƙatar sanin ma'aunai huɗu. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya. Amfa shi ne ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana. Idan aka ninka bolt da amfa, sai a samu wat, ma'aunin ƙarfin aiki a daidai wannan lokaci. Idan kuma aka ninka wat da awannin da abu ya yi yana aiki, sai a samu wat-awa, ma'aunin adadin wutar da aka sha. Fanka mai wat 60 da ta yi awa 10 tana juyawa ta sha wat-awa 600. Wat-awa 1,000 shi ne kilowat-awa ɗaya, wanda kamfanonin rarraba wuta ke kira yunit a mita.

Lantarki kuma iri biyu ne. Akwai mai gudana ta fuska ɗaya, wanda masu sana'a ke kira DC. Shi faranti ke samarwa, shi baturi ke adanawa. Akwai mai kai da komo, wanda ake kira AC. Shi ne ke zuwa ta turakun wuta, da ƙarfin bolt 220 zuwa 230, yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda.

4.0 Sassan Tsarin

4.1 Faranti

Faranti jeri ne na ƙananan ƙwayoyi da aka yanko daga silikon, sinadarin da ake tacewa daga dutsen ma'adini mai kama da farin yashi. Kowace ƙwaya na da shimfiɗa biyu. A ɗaya an cuɗa ɗan sinadarin fosfaras, wanda ya sa ta yi rarar ilektiron, wato ƙananan ɓurɓushin da ke ɗauke da lantarki. A ɗayar an cuɗa boron, wanda ya bar ta da guraben da ke neman ilektiron. A mahaɗar shimfiɗun biyu akwai wani ƙarfi da ke tura ilektiron gefe guda kawai. Idan ƙullin haske ya bugi silikon, sai ya kuɓutar da ilektiron daga mazauninsa, wannan ƙarfi ya tura shi zuwa siraran layukan ƙarfen da ke fuskar ƙwayar, daga nan ya bi waya, ya yi aiki, ya dawo ta bayan ƙwayar. Babu abin da ke juyawa, babu abin da ke ƙonewa, shi ya sa faranti ke daɗewa.

Ƙwaya ɗaya tana ba da kimanin rabin bolt ne kawai, don haka ake jera su a haɗe ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin faranti mai ƙwaya 36 na ba da kimanin bolt 18, wanda ya isa cajin baturi mai bolt 12. Manya suna da ƙwaya 60 ko 72, ko ninkinsu idan an raba ƙwayoyin biyu-biyu. Farantan zamani baƙaƙe suna mayar da kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu.

Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti sakamakon gwaji ne a ƙarƙashin sharuɗɗa na musamman: haske mai ƙarfin wat 1,000 a murabba'in mita, da zafin ƙwaya digiri 25. Da wuya a samu waɗannan sharuɗɗa tare a saman kwano.

4.2 Na'urar Daidaita Caji

Wutar da faranti ke fitarwa tana hawa da sauka gwargwadon hasken rana, baturi kuwa yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Na'urar daidaita caji, wadda ake kira kwantirola a kasuwa, tana tsakaninsu. Tana sakin wuta da yawa lokacin da baturi ya yi ƙasa, tana rage ta idan ya kusa cika, tana hana ta komawa faranti da dare.

Kwantirola iri biyu ce. Mai araha, PWM, tana janyo bolt ɗin faranti ƙasa ya yi daidai da na baturi, rarar kuma ta tafi a banza. Mai tsada, MPPT, tana laluben inda faranti ya fi ba da ƙarfi a kowane lokaci, sannan ta mayar da rarar bolt ɗin ƙarin amfa. Ta haka takan tara abin da ya fi na PWM da kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Idan aka haɗa babban faranti mai bolt 40 da baturi mai bolt 12 ta hanyar PWM, asarar takan wuce rabi.

4.3 Baturi

Baturi shi ne rumbun tsarin: abin da aka girbe da rana shi ake ɗiba da dare, kuma faɗaɗa rumbu ba ya ƙara yawan amfanin gona. Wanda ya ƙara batura bai ƙara farantai ba, ya tanadi baturan da ba za su taɓa cika ba.

Girman baturi ana auna shi da amfa-awa. Baturi mai bolt 12 da amfa-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma ba duka ake sha ba. Baturan dalma, wato masu ruwa irin dogayen nan da ake kira tubula da kuma rufaffu marasa buƙatar ƙarin ruwa, ƙa'idarsu ita ce kada a sha fiye da rabi. Idan ana zuƙe su ƙarƙaf kullum, ko ana barin su kwanaki ba su cika ba, wani gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsu, ya rage musu ƙarfi ta yadda ba ya dawowa. Baturan lityam, musamman nau'in da aka haɗa da ƙarfe da fosfat, suna jure a sha kashi 80 zuwa 90 cikin 100, kuma suna iya cika da saukewa sau dubbai. Suna zuwa da wata na'ura a cikinsu da ke katse wuta idan caji ya wuce kima ko zafi ya yi yawa. Sun fi tsada wajen saye, amma idan aka raba kuɗin a kan shekarun aiki, galibi su ne masu sauƙi.

4.4 Inbata

Inbata tana karɓar DC daga baturi, mai bolt 12 ko 24 ko 48, ta mayar da shi AC mai bolt 230. Mai kyau tana fitar da wuta mai santsin kai da komo kamar ta kamfanin wuta. Mai araha tana fitar da wuta mai tsalle-tsalle, wadda ke sa fanka gurnani, ta kuma sa injin firji ɗaukar zafi. Wajen sauyawar ana asarar kimanin kashi 10 cikin 100, kuma inbata tana shan wuta ko da ba a kunna komai ba. Saboda haka babbar inbata a ƙaramin gida asara ce.

Kayan da ke da inji, irin su firji da famfon tura ruwa, suna fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da suka saba sha a daidai lokacin tashi. Dole a yi la'akari da wannan fizga wajen zaɓen inbata.

4.5 Wayoyi da Kayan Kariya

Duk lokacin da bolt ya yi ƙasa, amfa yakan yi yawa. Kayan da ke shan wat 1,200 suna jan amfa 100 daga tsarin bolt 12, amma amfa 25 kawai daga tsarin bolt 48. Zafin da waya ke ɗauka kuwa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfa ya ninka sau biyu. Wannan ne dalilin da ya sa wayar baturi take da kauri, ake kuma son ta gajarta. Siririyar waya, ko ta alminiyam da aka yi wa rufin tagulla, da sako-sakon haɗi, suna cikin manyan musabbaban gobara. Tsarin da ya cika yana da fis kusa da baturi, da makatsar wuta irin ta DC tsakanin faranti da kwantirola, da na'urar kariya daga tsawa, da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa aka haɗa ta da firam ɗin farantai.

5.0 Nau'o'in Haɗi

Haɗi iri uku ne. Na farko mai cin gashin kansa, wanda ba shi da alaƙa da wutar kamfani. Shi ya dace da karkara. Na biyu mai jingina da wutar kamfani ba tare da baturi ba, wanda ya yaɗu a Turai da Amurka, inda ake tura rarar wuta zuwa layin kamfani. Irin wannan inbata tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, domin kare ma'aikatan da ke gyara a kan turaku, don haka amfaninta kaɗan ne inda ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare. Na uku shi ne haɗaka, inda inbata ɗaya ke ɗauke da kwantirola a cikinta, tana zaɓa tsakanin rana da baturi da wutar kamfani ko janareta. Shi ne ya fi dacewa da biranen wannan yanki.

6.0 Misalin Lissafin Gida

Lissafi yana farawa ne daga kayan da za a kunna. A ɗauki gida mai fitilu 6 na wat 10 da ke yin awa 6, wato wat-awa 360. Fankoki 3 na wat 60 da ke yin awa 10, wato 1,800. Talabijin mai wat 80 na awa 5, wato 400. Ƙaramin firji da aka ƙiyasta masa 1,200 a yini. Da cajin wayoyi da sauran ƙananan kaya, 240. Jimla wat-awa 4,000 ke nan.

Don sanin yawan farantai, ana ɗaukar cewa cikakkiyar rana awa 5 ce, sannan a cire kashi 30 cikin 100 na asarar zafi, ƙura, waya, baturi da inbata. Kowane wat na faranti zai ba da wat-awa 3 da rabi a yini. Idan aka raba 4,000 da 3 da rabi, ana samun kimanin wat 1,140. Farantai uku masu wat 400 sun wadatar.

Idan wat-awa 2,800 daga cikin jimlar bayan faɗuwar rana ake shan su, tare da asarar inbata za a nemi kimanin 3,100 daga baturi. Baturan dalma biyu masu amfa-awa 200 suna ɗauke da 4,800, amma rabinsa, 2,400, kaɗai ya halatta a sha, don haka ba su isa ba; a tsarin bolt 24 sai an sa huɗu. Baturin lityam ɗaya mai kilowat-awa 5 zai ɗauki nauyin. Duk kayan gidan idan an kunna su tare ba su wuce kimanin wat 500 ba, saboda haka inbata mai wat 1,500 ta isa har da fizgar firji.

Ƙarin abu guda na iya rushe wannan lissafi. Dutsen guga mai wat 1,000 yana shan abin da fitilu 100 ke sha. Na'urar sanyaya ɗaki da ta kwana tana aiki takan sha fiye da abin da gidan gaba ɗaya ke sha a yini. Kayan da ke da nauyi, kamar guga da tura ruwa tanki, an fi so a yi su tsakanin hantsi da azahar, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga faranti.

7.0 Tasirin Yanayi

7.1 Zafi

Haske faranti ke buƙata, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Duk digiri ɗaya da ƙwaya ta hau sama da 25, ana asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. A bazara, lokacin da iskar Sakkwato ko Maiduguri ke wuce digiri 40, zafin ƙwaya yakan kai 65, sai faranti mai wat 400 ya koma ba da kimanin 345. Barin tazara tsakanin faranti da kwano domin iska ta ratsa yana rage wannan asara. Illar zafi ta fi tsanani ga baturin dalma: ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yakan rage rabin shekarunsa. Ɗakin da ke da inuwa da iska shi ne mazaunin baturi, kuma masu ruwa suna fitar da iskar haidirojin mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye su a rufaffen ɗakin kwana.

7.2 Ƙura, Hazo da Gajimare

Da hunturu, hazo na rage hasken da ke isowa, ƙura kuma na kwanciya a gilashi. Ana wanke faranti da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. A watan Agusta gajimare ke rage haske, kuma da irin wannan wata mai ƙarancin rana ya kamata a yi lissafi.

7.3 Fuskanta da Inuwa

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A mafi yawan shekara rana na ratsawa ta kudu, in ban da tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Don haka ake fuskantar da faranti kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, karkatar da ke kuma taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. Da yake ƙwayoyin a jere suke, inuwar tanki ko reshen darbejiya a kan 'yan kaɗan daga cikinsu na iya rage aikin farantin da ma sauran da aka haɗa shi da su.

8.0 Tsawon Rai da Zubar da Tsofaffin Kaya

Faranti mai inganci yana raguwa da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, kuma masu ƙerawa kan ba da tabbacin zai riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan shekara 25. Inbata da baturi ba sa kaiwa haka, dole a sauya su a hanya. Tsohon baturin dalma guba ne. Fasa shi ko narka dalmarsa a cikin unguwa na gurɓata ƙasa da ruwa, kuma yara ne suka fi cutuwa. Annobar gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, wadda ta samo asali daga sarrafa ma'adinin zinariya a cikin gidaje, ta yi sanadin mutuwar ɗaruruwan yara, ta kuma nuna girman haɗarin wannan sinadari.

9.0 Shawarwari

Na ɗaya, magidanci ya rubuta kayan da zai kunna da awanninsu kafin ya je kasuwa, ya kuma fara da sauya fitilu da fankoki zuwa masu ƙarancin shan wuta, domin rage sha ya fi ƙara faranti araha. Na biyu, kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a su horar da masu haɗa sola, a riƙa ba su shaidar ƙwarewa. Na uku, hukumomin kula da ingancin kaya su tsananta bincike a kan farantai da baturan da ake rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Na huɗu, a wajabta wa dillalai karɓar tsofaffin batura domin miƙa su ga masana'antun da aka amince su sarrafa su. Na biyar, a samar da littattafan koyar da wannan fanni da Hausa, tunda da ita mafi yawan masu haɗawa da masu saye ke ma'amala.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hanyar da wuta ke bi daga ƙwayar silikon zuwa fitilar ɗaki, ta nuna cewa a kowane mataki akwai asarar da dole a saka cikin lissafi, kuma zafi da ƙurar wannan yanki suna ƙara ta. Faranti na iya yin shekara 25 yana aiki, amma baturi, wanda yake cikin sassa mafi tsada, rayuwarsa na hannun mai lissafi da mai amfani. Gidan da ya auna buƙatarsa, ya sayi farantan da za su cika baturinsa kowace rana, ya ajiye baturin a wuri mai iska, ya kuma riƙa wanke farantansa, zai samu wuta mai ɗorewa a farashin da ya fi na janareta sauƙi nesa ba kusa ba.